Kiran da ba a ambaci suna ba

A ƙasar Kornaka in ka ji an ce wane ya amsa kira, ba ka tambayar wa ya kira shi. Hularka za ka ɗauka ka nufi gidan, don magana ɗaya ake nufi: ya rasu, sai kai shi makwanci. Amma mu ƴan tsirarun Kirista da ke warwatse cikin ƙauyukan yankin muna da ma'ana ta biyu da muka ajiye wa kalmar. In dattawan ikkilisiya suka ce saurayi ya amsa kira, yana nan da ransa, har barka ake yi masa. Nufinsu Allah ya keɓe shi domin aikin bishara, zai tahi makarantar Littafi Mai Tsarki ya komo mai bishara ko fasto. Innata ta ce ita ba ta ga wani babban bambanci tsakanin ma'anonin biyu ba, tunda ko wanne ne gona ta rasa hannu guda.

Yawancinku da za ku karanta wannan ɗan littafi Musulmi ne, kuma na san akwai wanda bai taɓa tsammanin akwai majami'a a kan hanyar Maraɗi zuwa Dakoro ba. Tarihin bai da tsawo. Ƙungiyar mishan ta SIM ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru ta zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, daga baya kuma gidan kutare na Danja. Wa'azin kasuwa bai jawo mutane da yawa ba. Ciwo ne ya kai da dama daga cikinsu. Kakana na wajen uba Arne ne, irin masu yanka wa iskokin gida jan zakara kafin shuka. Kuturta ta kama shi, aka aza shi bisa jaki zuwa Danja, ya yi shekaru can. Ya komo da yatsu bakwai, da iya karatun boko, da littafi mai baƙin bango cikin burgami. Daga shi ne muka fito. Yau gida bakwai ne mu a ƙauyenmu, da ɗakin sujada na laka mai rufin kwano, da mai bishara guda wanda kowa ke ce wa Baba, har limamin garin.

Baba ya yi karatunsa a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye tun ba a haifi babana ba. Yanzu yana ta rufe masa ido, ba ya ganin baƙi ko da tabarau. Shi ya sa duk hutun da na je gida ni ke yin karatun ranar Lahadi. A hutun damanar da ta wuce, bayan an tashi sujada, ya riƙe hannuna ya ja ni gindin bedi, ya ce:

"Ɗana, mun zamna da dattawa, mun yi addu'a har da azumi. Kai na Ubangiji yak kira."

Na ce, "Baba, ni hwa ban ji komi ba."

Ya yi dariya ya ce, "Yo ai ba kai ɗai ke da kunne ba."

Tun daga ranar maganar ke bina. Tana bina cikin aji, tana bina layin abinci, kuma da yake kimiyyar harshe nake karanta a nan Yamai, ban da wani makami sai na sana'ata. Don haka na ɗauki kalmar kira na shimfiɗa ta kamar yadda ake koya mana.

Abu na farko da na lura shi ne kira aiki ne, ba labari ba. Malaminmu ya karanta mana John Austin, masanin falsafa ɗan Ingila, wanda littafinsa na 1962 ya nuna akwai maganganun da faɗinsu shi ne aikata su. Mu ba mu buƙatar Bature ya gaya mana haka. Wanda ya taɓa zama wurin ɗaurin aure ya sani: waliyyi ya ce "mun ba da", wakilin ango ya ce "mun karɓa", shi ke nan yarinya ta zama matar wani. Amma Austin ya ƙara da cewa irin wannan magana ba ta ɗauruwa sai da sharuɗɗa. Sai wanda ya isa ya faɗe ta, a wurin da ya dace, gaban waɗanda suka dace. Ɗaurin aure yana da shaidu, yana da goro, akwai maroƙi mai shela. Kiran salla kuwa duk gari ke ji, har mu da ba mu zuwa masallaci da shi muke tashi. To kiran da Baba ke magana fa? Mai kiran ba a ganinsa. Muryar ba wanda zai ce ya ji ta tare da kai. Shaidar da ke akwai ita ce bakin wanda aka kira, ga shi wanda aka ce an kira ya ce bai ji ba.

Abokin ɗakina, wani ɗan Tasawa mai karatun Larabci, shi ya nuna mini cewa addu'a da da'awa saiwarsu ɗaya, haruffa uku ne masu ma'anar kira. A addu'a mutum ke kiran Allah, a da'awa mutum ke kiran ɗan'uwansa zuwa ga Allah. Ya ce, "Ku kuma kun ƙaro na uku, Allah ya kira mutum ɗaya da sunansa ya ba shi aiki. Mu wannan na annabawa ne, kuma an rufe ƙofar." Ban yi masa gardama ba, don ya taɓo ainihin abin. Malamin tsangaya ba ya cewa Allah ya yi masa magana. Ya yi karatu ne, malaminsa ya ba shi izini, gari ya yarda da shi. A wurinmu kuwa kalmar ikkilisiya kanta, in ka bi ta zuwa Girkanci, daga aikatau na kira ta fito, taron waɗanda aka kirawo. Koyarwar ita ce an kira kowane mai bi, sannan cikin taron ana sake kiran wasu domin kiwon sauran. Wannan kira na biyu shi ne mai rikicin, domin shi ke canza wa mutum hanyar cin abinci.

Dattawa suna son kawo labarin Sama'ila, wanda ke cikin sura ta 3 ta littafinsa na fari. Yaro ne yana kwance da dare a ɗakin ibada, ya ji an ambaci sunansa, ya ruga wurin tsoho Eli yana zaton shi ne. Har sau uku. A na ukun ne tsohon ya gane wanda ke kiran, ya koya wa yaron yadda zai amsa. Darasin da suke fitarwa shi ne yaro ba ya gane kira sai da tsoho. Na yarda. Amma ku dubi jerin yadda abin ya faru. Murya ce ta fara zuwa, sannan tsoho ya fassara ta. Ni a wurina tsohon ne ya fara zuwa, da fassararsa a hannu, muryar ce ba ta iso ba. Musa ya ce shi ba mai iya baki ba ne, Irmiya ya ce shi yaro ne, Yunusa ya shiga jirgin ruwa ya nufi wata nahiya. Dukansu sun yi gardama ko sun gudu, amma ba wanda ya yi shakkar an yi masa magana. Ko gudun Yunusa ina kishinsa, don shi ya san abin da yake guje wa.

Na je na duba tarihin waɗanda suka kawo mana addinin, ko su sun ji abin da ban ji ba. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar isa ƙasar Hausa: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Bingham tsarana ne a lokacin, ko ma na girme shi. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku cikin ƙasar Zazzau, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake kore shi. Sai a 1902 ƙungiyar ta samu wurin zama a Pategi, bakin Kwara. In da a 1895 aka tsaya aka yi lissafi, kowane mai hankali zai ce ba kira ba ne, ƙuruciya ce da taurin kai. Mu da muka fito daga wannan taurin kai muna cewa kira ne, amma bayan shekara ɗari muke faɗi, kuma ba mu muka binne ɗa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Bingham ya shiga maganar tun farko. Uwar Gowans ce ta zaunar da shi a gidanta ta yi ta ba shi labarin ƙasar da ɗanta ya nufa, har abin ya hana shi sukuni. Muryar wata dattijuwa ce, cikin Ingilishi, a ɗakin baƙi. Ya ɗauke ta a matsayin muryar Allah, ya sayi tikiti.

Wannan ya sa na tuna da wani abu na gida wanda littattafan tauhidi da aka rubuta a Turai ba za su kawo ba. Ni ɗan fari ne. Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Alkunya ta hana. In tana nemana sai ta ce "kai", ko "yaron nan", ko ta ce wa ƙanwata, "Ke, ce ma wancan tuwo na hucewa", alhali ina zaune taku uku daga gare ta. Baƙo zai ce ba ta damu da ni ba. Amma duk gidan ba wanda ake kira da ƙarfi kamar ni, kuma ban taɓa kuskure kiranta ba, ko da bayan wani ya biyo. A wurinmu wanda ya fi kusa da kai shi ne ba ya ambaton sunanka. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, suruki ba ya faɗin na surukinsa. To in Allah yana magana da kowace al'umma cikin harshenta, kamar yadda muke karantawa ranar Fentikos, me zai hana ya kira Bahaushe ta hanyar Hausawa, a kaikaice, ta bakin wani, ba suna? Ran da wannan tunani ya zo mini sai da na tashi zaune a kan katifa. Washegari kuma na ga raminsa: hujjar da ke iya mai da kowace magana ta kowane tsoho muryar Allah, hujja ce mai haɗari. Da irinta ake aurar da yarinya ga wanda ba ta so.

Kuma dole a faɗi gaskiya, kalmar tana da masu cin amanarta. Mun san waɗanda kiransu bai zo ba sai bayan sakamakon BEPC ya fito babu sunansu. Mun ga waɗanda suka yi rikici da dattawa ranar Lahadi, kafin wata Lahadin Ubangiji ya kira su su buɗe tasu majami'a da lasifika biyu. Ba wanda ke iya ƙaryata su, tunda ba shaida. A gefe guda ga gwaggona, shugabar zumuntar mata. Ita ke zama da mai naƙuda, ita ke wanke gawa, ita ke sasanta ma'aurata, ita ta san gidan da hatsinsu ya ƙare tun kafin watan bakwai. Rabin aikin kiwon da ake cewa na Baba ne ita ke yin shi shekara talatin. Ban taɓa jin dattawa sun yi azumi sun gano an kira ta ba.

Akwai wasan kalma da na yi ta juyawa, don ɗalibin harshe ba ya ganin irinsa ya wuce. A saƙon salula, inda ba mu sa ƙugiya, kira da ƙira rubutunsu ɗaya. A baki kuwa sun rabu ta hanya uku: baƙin farko, tsawon wasali, da jinsi. Shi ya sa muke cewa kiran Allah amma ƙirar Allah. Ƙira gado ce, ɗan maƙeri a bakin zuga yake tashi, ba ya jiran wata murya. Sai na ce ko dattawanmu ƙira suka gani suka ce mata kira? Sun ga jikan mutumin Danja, mai son littafi, wanda in ya yi karatu tsofaffi ke cewa yau sun gane. Wannan na ƙarshen yana da dalili. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke a 1932, da aikin su likita Walter Miller na Zariya a cikinsa, kuma har gyare-gyaren da suka biyo baya Hausar gabas ce, ta Kano da Zazzau. Littafin na cewa "suka", tsofaffinmu na cewa "sunka". Ni in ina karatu ina juya shi ne a bakina zuwa Hausar gida ba tare da na tsaya ba, abin da Baba ya yi shekaru yana yi. Baiwa ce, na yarda. Amma kamancin sauti ba hujja ba ne, wannan shi ne darasin farko da ake koya mana game da asalin kalmomi, kuma iya karatu da murya mai daɗi bai isa ya sa mutum ya ɗauki rayukan gida bakwai ba.

Sai maganar da ba a yi a gindin bedi. Mai bishara na ƙauye ba shi da albashin kirki. Baikon Lahadi a wurinmu da wuya ya kai jika biyu. Bayan girbi kowane gida na kai wa Baba damin hatsi, in shekara ta yi kyau. In ba ta yi ba, shi da mu duk ɗaya, ƙasar Dakoro kuwa kowa ya san yadda damanarta take. Ran da na samu bak Inna ta sayar da tumakinta biyu ta yi mini kuɗin mota da na katifa. Ƙannena uku suna bayana. Lissafinta a fili yake: in gama lisansi, in samu ko da koyarwa ta kwantaragi ce, in ɗauki biyu daga cikinsu. Da labarin dattawa ya iso mata ba ta ce mini komi ba. Ƙanwata ta gaya wa, da ƙarfi yadda zan ji daga zaure: "Su da sunka ji kiran, ba su da ɗiya na?" Tambayar tana da nauyi, don biyu daga cikin dattawan suna da samari a Agadas da Libiya wurin neman kuɗi, kuma ba a yi azumi a kansu ba.

Ga kuma tsoro, wanda ban so in rubuta ba amma barinsa ƙarya ne. Ina ɗan shekara 12 a watan Janairu na 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram ran 16, a Yamai ran 17, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, abin da ba mu da hannu ciki kuma mu ma bai yi mana daɗi ba. Mutum goma suka mutu. A ƙauyenmu ba abin da ya faru. Limamin gari ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a ƙofar gidan Baba, ya yini nan yana jan tasbaha, ba wanda ya tambaye shi dalili. Ina riƙe da wannan hoton kamar yadda nake riƙe da na hayaƙin da muka ji labari a rediyo. Wanda ya karɓi aikin Baba ya karɓi biyun. Shi ne sunan da aka sani, ƙofarsa ce ake nunawa, ko don a tsare ta ko don wani abin.

Wani fasto a nan Yamai da na kai wa maganar ya ce tun zamanin Calvin ana raba kira biyu, na ciki wanda mutum ke ji a zuciyarsa, da na waje wanda ikkilisiya ke yi, kuma ba a naɗa mutum sai sun haɗu. Ya ce nawa na waje ya riga na ciki isowa, in jira. Ya kuma tuna mini da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da SIM ta aiko Maraɗi a farkon shekarun 1980. Ya zo da niyyar dashen itace, itacen suka yi ta mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan sassaben zamani ya bazu, manoma, galibinsu Musulmi, suka mai da gawo da kalgo da sabara cikin gonakinsu. Faston ya ce mutumin ya zaci an kira shi ga abu kaza, ashe ga kututture aka kira shi. Labarin ya yi mini daɗi, amma na lura duk labaran kira daga ƙarshe ake ba da su, bayan an ga yadda ta kaya. Ni kuwa a farkon nawa nake, in ma akwai shi, kuma makarantar Agye ba ta karɓar ɗalibi da "wataƙila".

Abin da na iya yi shi ne na roƙi Baba ya bar ni in gama lisansi kafin in ba da amsa. Ya ce to, amma idonsa ba zai jira lisansi ba. Sai muka yi wata dabara. Kowane mako ina shiga wani aji da ba kowa bayan magariba, in karanta sura biyu ko uku cikin salula da Hausar gida, in tura wa ƙanena. Shi kuma ya zuba su cikin katin ƴar rediyon Baba, ranar Lahadi a aza ta bisa teburin wa'azi a kunna, sannan Baba ya tashi ya yi bayani. Mun gama Markus, mun gama Luka. Ban gaya wa Baba cewa wannan amsa ce ba, shi ma bai ce ita ce ba.

Shekaranjiya ƙanena ya turo saƙon murya guda biyu. Na farko Baba ne, ya ce Luka ya ƙare, a turo Yahaya, kuma in rage sauri don tsofaffin mata na cewa ina karatu kamar ana kora ta. Na biyun ƙanwata ce, ta ce an ce ta tambayi wancan na Yamai yaushe za a buɗe ajiye takardun neman koyarwa, don kar ranar ta wuce shi.